Oga, a Bari In Wanke Ta Tukuna

Da na gaya wa editan wannan mujalla abin da nake son yin rubutu a kai, sai da ya ajiye biro ya ƙare mini kallo. Ya ce, "Malam, ana kukan ƙarin kuɗin makaranta, ana kukan babu ruwa a hostal, kai kuma hitar mota ce ta tsone maka ido? A ƙasar da zafi ke haura digiri 40 a watan Afrilu?" Duk waɗanda ke ofishin ƙungiya suka kwashe da dariya, har da wani ɗan ajinmu wanda na san sarai bai taɓa ɗaga bonet da hannunsa ba. Na ce a dai ba ni fili. Wanda ya karanta ya ga ɓarnar takarda ce, ya same ni a bakin wokshop ranar Laraba, ina nan.

Bari in fara da inda maganar ta shafe ni. Kawuna, ƙanin mahaifiyata, direban haya ne. Golf 3 gare shi, irin mai dogon bayan nan, ƙirar shekarun 1990, wato ta girme ni nesa ba kusa ba. Da ita yake jigilar fasinja daga Zariya zuwa Jos ta Pambeguwa da Saminaka, kuma tun rasuwar mahaifina daga abin da take kawowa ake biyan kuɗin makarantata. In motar nan ta kwanta mako biyu, ni ma karatuna ya kwanta.

Bara a watan Agusta na bi shi Jos gaisuwar rasuwa. Mun tashi bayan sallar asuba, mu bakwai har da shi. Muna wuce Saminaka ruwa ya sauko kamar da bakin ƙwarya, kowa ya ɗaga gilashinsa. To mutum bakwai suna numfashi a rufaffiyar mota, waje kuma sanyi, nan da nan gilashin gaba ya yi gumi daga ciki, ya koma fari fat. Waifa tana ta faman aikinta a waje, amma matsalar a ciki take. Esi kuwa ta mutu tun kafin Kawu ya sayi motar. Sai ya jawo tsumma daga ƙarƙashin kujera, hannu ɗaya a sitiyari, ɗaya yana goga. Ya share wuri kamar faɗin faranti, kafin minti ɗaya ya sake rufewa. Na murɗa maɓallin hita zuwa ja, na juya iska ta bugi gilashi. Fanka ta yi ƙara, amma iskar da ta fito sanyi ƙalau. Ya ce, "Rabu da ita, Injiniya, ta shekara biyu ba ta aiki." A wata kwana sai ga shanu suna tsallaka titi, bai gan su ba sai da muka zo dab. Ya take birki, mota ta ja gefe, wata tsohuwa a baya ta dinga salati. Allah Ya tsare, ko ƙaho ba mu taɓa ba. Amma daga nan har Jos ni ne mai tsumma, kuma hannuna bai daina rawa ba.

Ga waɗanda ba 'yan sashenmu ba, abin da ake kira hita a mota ba wata na'urar lantarki ba ce irin ta dafa ruwan wanka a hostal. Ƙaramin lagireto ne, girmansa bai wuce littafin rubutu mai kauri ba, yana ɓoye a bayan dashbod. Tiyo biyu ne ke zuwa gare shi ta bangon da ya raba inji da mazaunin mutane. Ɗaya yana kawo ruwan zafi daga kan inji, ɗaya yana mayar da shi. Inji in ya yi zafin da aka ƙera shi ya yi aiki a kai, ruwan cikinsa yana wajen digiri 90. Wannan zafi dama zubar da shi ake yi a iska ta babban lagireto na gaba. Hita tana ɗibar kaɗan ne daga ciki, fankar ciki ta hura iska ta tsakanin siraran bututunta, iskar ta fito da ɗumi. Ba ta shan ƙarin mai. Abin da za a watsar ne take amfani da shi.

Mutane suna ce mata kayan Turawa, wai masu ƙanƙara aka yi wa. Gaskiya ne yawancin motocinmu 'yan Beljiyam ne da 'yan Kwatano, an ƙera su ne don ƙasashen sanyi. Amma duk wanda ya taɓa tashi daga Jos ko Funtuwa da asubar watan Janairu ya san hunturunmu ma ba wasa ba ne. Ni ba ma ɗumin jiki ne ya fi damuna ba. Gumin gilashi yana faruwa ne idan iska mai laima ta taɓa gilashi mai sanyi. Hanya biyu ce ta kore shi: ko esi ta busar da iskar, ko hita ta ɗumama gilashin. A motocin haya nawa ne esi ke aiki? Ku ƙirga a tasha. In esi ta mutu, hita ta mutu, saura tsumma. Amfani na biyu kuma direbobi da yawa ba su san shi ba. Idan allurar zafi ta fara hawa kana kan tudu, kunna hita har ƙarshe tare da fanka yana janye wani kaso na zafin injin, ya ba ka damar kaiwa inda za ka tsaya lafiya. Fasinja za su zage ka, amma gara zagi da ƙonewar gasket. Kuma a tuna, a tudun Jos, da ke sama da teku da wajen mita 1,200, ruwa a buɗaɗɗiyar tukunya yana tafasa ne a wajen digiri 96, ba 100 ba. Motar da murfin ruwanta ya saki, can ne take fara tona asirin kanta.

Lokacin da abin nan ya faru ina tsakiyar SIWES, watanni huɗun nan da ake tura mu koyon aiki bayan shekarar farko. A wani gareji nake, a hannun wani dattijon makanike da kowa ke kira Oga. Ba zan faɗi sunansa ba, kuma kada wani ya ɗauka na zo cin mutuncinsa ne. Mutumin nan yana jin ƙarar inji daga bakin titi ya gaya maka abin da ke damunsa, kuma sau da yawa haka ɗin ne. Amma akwai ɗabi'a ɗaya da na gani a wurinsa, na kuma gan ta a duk garejin da ke layin. Mota in ta zo da maganar ruwa, ko tana zafi, ko ruwa na raguwa, abu biyu ake fara yi kafin a yi bincike: a cire tamostat a jefa a kwandon ƙarafa, a yi wa hita baifas. Baifas ɗin shi ne a zare tiyo biyun nan daga bango, a haɗa bakinsu da guntun bututu, ruwa ya riƙa zagayawa ba tare da ya shiga hita ba. Minti goma an gama, mai mota ya biya ya tafi yana godiya.

Na taɓa tambayarsa dalili, ya kuwa ba ni amsa mai nauyi. Ya ce ya taɓa ganin hita ta fashe ana cikin tafiya, tafasasshen ruwa ya zubo wa fasinjan gaba a ƙafa. Ya ce a Golf, kafin ka kai ga hita sai ka sauke dashbod gaba ɗaya, aikin yini guda, kuma robobin sun tsufa, kana taɓawa suna karyewa, mai mota ya ce kai ka ɓata. Ya ce mutumin da ke neman na cefane ba zai biya kuɗin aikin yini guda a kan abin da zai yi amfani da shi wata biyu a shekara ba. Duk wannan gaskiya ne, ban musa ko ɗaya ba. Hitar da ke yoyo, baifas ne maganinta na wucin gadi, ni ma shi zan yi. Inda muka rabu da Oga shi ne, yoyo daban, toshewa daban. Wadda ta toshe ba sai an sauke dashbod ba, daga wajen inji ake wanke ta. Kuma yanke ta ba ya taɓa abin da ya toshe ta tun farko.

Wannan shi ne abin da nake son a riƙe daga rubutun nan. Hita ba ta toshewa haka kawai. Bututunta sun fi na ko'ina ƙanƙanta a duk hanyar da ruwan inji ke bi, don haka ita ce ke fara cika. Duk dattin da ka samu a cikinta, akwai irinsa a babban lagireto da cikin injin kansa, lokaci kawai yake jira. In ta daina ba da zafi, ƙara ta kawo maka. Mu kuma sai mu toshe mata baki, mu ci gaba da zuba abin da muke zubawa, bayan shekara mota ta fara tafasa a hanya a ce ai tsufa ne.

Me muke zubawa? Ruwan rijiya, ruwan burtsatse, ruwan kwata in ta kama a hanya. Duk wanda ya taɓa leƙa gindin butar mai shayi ya ga farin ɓawon nan da ke manne a ciki. Ma'adinan da ke narke a ruwa ne, zafi ke sa su daskare. Abin da ke faruwa a buta shi ne ke faruwa a inji, sai dai buta bakinta a buɗe yake, ana iya kankarewa. Sannan ga tsatsa. Injin irin na Kawu gangar jikinsa baƙin ƙarfe ne, kansa kuma alminiyam. An koya mana a aji cewa ƙarfe iri biyu in suka haɗu a cikin ruwa mai gishiri-gishiri, ɗaya yana cin ɗaya. Mun rubuta a jarrabawa, mun ci maki, ba mu taɓa haɗa shi da jan ruwan da ke fita daga lagireto ba. Na uku shi ne maganin gargajiya na yoyo. Da idona na ga an fasa ɗanyen ƙwai an zuba a lagireto, na ga an zuba garin barkono. Yana kuwa tsayar da yoyon, ba ƙarya. Amma ƙwai ba shi da ido, bai san ramin da ake so ya toshe da bututun da ake so ya bari ba.

Shi kuma kulan, ruwan nan mai kala da ake sayarwa a galan, an yi masa mummunar fahimta. Saboda an rubuta a jikinsa cewa yana hana daskarewa, sai direba ya ce ina ruwana, ni da ban taɓa ganin ƙanƙara ba sai a firji. Haka ne, in an haɗa shi rabi da rabi da ruwa ba ya daskarewa sai sanyi ya kai wajen digiri 37 ƙasa da sifili, kuma wannan bai dame mu ba. Abin da ya dame mu shi ne yana ɗaga matakin tafasa da 'yan digirori, kuma, mafi muhimmanci, akwai sinadaran hana tsatsa a cikinsa. Su ne ke kare alminiyam da famfon ruwa da bututun hita. Suna kuma ƙarewa da daɗewa, shi ya sa ake canza shi bayan 'yan shekaru ko da kalarsa ba ta gushe ba. Kala ma ba ita ce shaida ba, a karanta abin da ke jikin galan, kuma kada a gauraya iri biyu da ba a san asalinsu ba, don wasu in sun haɗu laka suke zama. Ruwan da za a sirka shi da shi kuma tataccen ruwa ne, irin wanda ake ƙara wa batir. A kula, tataccen ruwan nake nufi, ba asid ba, don duka biyun "ruwan batir" ake ce musu a kasuwa.

Maganar tamostat ba zan ja ta ba, tana buƙatar nata shafin. Abin da zan ce kawai, injin da aka cire wa tamostat yana daɗewa bai kai zafin aikinsa ba, kuma inji mai sanyi ya fi shan mai. Tun da aka cire tallafin mai a 2023 ban ga direban da ke da rarar da zai ƙona a banza ba.

To mu koma kan motar Kawu. Bayan mun dawo daga Jos na matsa masa ya kawo ta garejinmu. Oga ya leƙa, ya ce, "Wannan ta mutu. A yi mata baifas a huta, kafin ta fashe wa mutane a ƙafa." Na ce, "Oga, don Allah a bari in wanke ta tukuna. In ba ta yi ba zuwa la'asar, ni da kaina zan yi baifas ɗin." Ya dube ni, ya dubi Kawu, ya ce, "Motar kawunka ce, ɗan boko. Bismilla."

Binciken farko ba ya buƙatar komai sai tafin hannu, kuma kowa zai iya. Ka tayar da mota ta yi zafi sosai, ka kai hita ƙarshe, ka taɓa tiyo biyun a inda suke shiga bango, a hankali, kana nesa da fanka da bel. In ɗaya ya yi zafin da ba ka iya riƙewa, ɗayan kuma ɗumi-ɗumi ko sanyi, ruwa ba ya ratsawa, ta toshe ke nan. In duka biyun ba su da zafi, ka duba ko ruwa ya yi ƙasa, ko iska ta shiga, ko an cire tamostat. In duka biyun suna da zafi amma iska na fitowa da sanyi, hitar lafiyarta lau, ƙofar da ke juya iska a cikin dashbod ce ta maƙale. Sannan ka ɗaga shimfiɗar ƙafa ta gaba ka shafa. In ka ji danshi, ko kana jin wani wari mai zaƙi-zaƙi a mota, ko gilashi na yin maiƙo daga ciki, to yoyo take, wanki ba zai yi mata komai ba, Oga ya yi gaskiya. Ta Kawu, tiyo ɗaya kamar wuta, ɗaya kamar ba a tayar da mota ba, ƙasa kuma a bushe.

Na bar inji ya huce sarai, don buɗe ruwan mota da zafi shi ne hanyar asibiti mafi kusa. Na tsiyaye ruwan a bokiti, ja kamar kunun kanwa. Na sassauta kilif, na zare tiyo biyun. Nan ne wurin haƙuri, don bakin hitar Golf roba ne, kuma robar da ta shekara kusan talatin tana shan zafi ba ta son gardama. Murɗawa ake yi kaɗan-kaɗan, ba fizga ba. Na sayo tiyon nan mai haske da magina ke auna lebur da shi, na yanka biyu, na saka a kowane baki, na rufe wayoyin da ke kusa da leda. Dabarar ita ce a tura ruwa ta bakin da yake fita, ya fito ta bakin da yake shiga, wato a juya masa hanya. Dattin ya shekara yana cusuwa ta fuska ɗaya, in ka bi ta fuskar nan ƙara danna shi kake yi.

Ba mu da famfo a garejin, sai na ɗora jarka a kan rufin motar. Ruwa ya shiga, amma abin da ke fita ɗigo ne kawai. Wani yaron gareji ya ce a kai ta wurin wankin mota a sa mata injin feshi, wani ya ce a jawo iskar mai faci. Wallahi da na biye musu da na kashe ta da hannuna. A ma'aunin da mai faci ke auna taya, inda yake sa wa tayar mota talatin da 'yan kai, hanyar ruwan inji gaba ɗayanta ba ta wuce goma sha biyar zuwa ashirin, murfin ne ma ke sakin abin da ya haura. Tankin mai faci yana kai ɗari, injin feshi kuwa ya haura dubu. Sai na cika ta da farin ruwan kal da na sirka da ruwan ɗumi, na ɗaga bakin tiyo biyun sama, na bar ta kamar awa guda. Wani ya kawo shawarar sodar masu sabulu, na ce a'a, soda tana cin alminiyam. Bayan azahar na ari famfon keke, na riƙa ba ta iska kaɗan-kaɗan ta bakin fita. A bugu na huɗu ko na biyar sai ta yi wani tari, ta amayo baƙar laka da ɓarɓashin tsatsa da wasu farare-farare da ban so in san ko mene ne ba. Daga nan ruwan jarka ya fara wucewa. Na yi ta juyawa, ta nan, ta can, jarka uku, har abin da ke fita ya yi kama da abin da ke shiga, ƙamshin kal kuma ya ɓace.

Na mayar da komai, na cika ruwa, na tayar da mota ina taƙama. Minti goma sha biyar, iska sanyi ƙalau. Yaran gareji suka fara tafi, ana "Injiniya! Injiniya!" Kawu ya sunkuyar da kai. Na ji kamar ƙasa ta tsage in shige. Oga yana zaune a kan benci bai ce uffan ba, sai da ya gama cin goronsa ya taso. Ya taɓa tiyo, ya ce, "Ka wanke ta, amma ka cika mata ciki da iska." Ya sa aka tura motar gabanta ya hau tudu, ya buɗe murfin gorar ruwa, ya riƙa matsa manyan tiyo da hannu kamar mai tatsar saniya. Kumfa ta dinga fitowa, ruwa ya sauka, ya ce in ƙara. Muka jira har fankar gaba ta tashi. Ya ce, "Sa hannunka." Na sa, na janye da sauri. Ya koma bencinsa yana cewa, "Wannan ba ya cikin littafin naku ko?" Yana ciki fa. Layi ɗaya ne, na haddace shi, ban san yadda yake a hannu ba.

Kada in yi muku ƙarya, ba ta dawo sabuwa ba. Zafinta bai kai na motar da ba ta taɓa toshewa ba, amma yana share gilashi cikin 'yan mintuna, kuma shi nake nema. Akwai kuma haɗarin da ya kamata a gaya wa mai mota tun kafin a fara: wani lokaci dattin ne ke rufe da wani ɗan rami, kana wankewa yoyo ya bayyana. In haka ta faru ba wankin ne ya huda ta ba, amma in ba ka faɗa tun farko ba, kai za a ɗora wa. Sai kuma tsohon ruwan da aka tsiyaye. In akwai kulan a ciki guba ne, kuma yana da zaƙi, awaki da kaji da yara ƙanana suna iya sha. Ba a barin shi a buɗaɗɗen bokiti, ba a kuma watsa shi inda dabbobi ke kiwo. Mako na gaba muka wanke babban lagireton, abin da ya fito daga cikinsa ƙanin wancan ne. Kawu ya yi ta mita a kan kuɗin kulan, kuma na san har yau in ta kama shi a tasha ruwan leda yake ƙarawa. Na dai samu ya daina na rijiya.

Yanzu ga inda nake son mu kalli kanmu, mu 'yan shekarar ƙarshe. Saura 'yan watanni a ba mu takardar difloma. Ranar da aka yi mana tambaya a kan hanyar ruwan inji, kusan duk ajin mun zana ta da kibiyoyi, ja na zafi, shuɗi na sanyi. Ina ƙalubalantar kowa, har da ni kafin bara: mutum nawa ne a cikinmu za a buɗe wa bonet ya nuna tiyon hita biyun nan ba tare da ya yi kame-kame ba? Muna raina masu gareji, muna ce musu 'yan cire-ka-jefar. Su kuma suna raina mu, suna ce mana injiniyoyin takarda. Ranar nan na ga kowa yana da rabin gaskiya. Oga bai taɓa tsayawa ya tambayi abin da ya toshe hita ba, ni kuma ban iya fitar da iska daga tiyo ba. Amma shi yana da uzuri, ba wanda ya biya masa kuɗin makaranta don ya koyi dalilin abu. Mu an biya mana. In muka fita muka buɗe gareji muka ci gaba da baifas ba tare da bincike ba, ko muka zauna a ofis muna jiran a kira mu injiniya, to kuɗin Kawu da na iyayenku ya tafi a banza. Kuma mu daina ɗora komai a kan rashin kayan aiki. Na san injinan wokshop ɗinmu da yawa sun girmi malamanmu, na san sau nawa aka soke firaktikal don babu wuta. Amma aikin nan bai ci wuta ba. Filaya, sukundireba, bokiti, jarka, tiyo mita biyu. Da yawanmu kuma, mu faɗi gaskiya, littafin SIWES a ɗaki muka cika shi, muka kai aka buga mana hatimi.

Ina da roƙo ga shugabannin ƙungiya, kuma ba na kuɗi ba ne. Bas ɗin ƙungiya da ke kai mu wasanni da ta'aziyya, na leƙa ƙarƙashin bonet ɗinta makon jiya da izinin direba. An yi wa hitarta baifas da guntun bututun ruwan gida, an ɗaure da waya, ruwan cikinta kuma ja ne. Direban ya ce ba ya jin ta taɓa yoyo, wani ne kawai ya ce a yanke. A ba mu ita ranar Asabar ɗaya kafin a fara jarrabawa, a gaban wokshop, da malami ɗaya da zai tsaya a kanmu. 'Yan shekarar farko su zo su taɓa tiyo da hannunsu, mata da maza. In an gwada an ga tana yoyo, a mayar da baifas ɗin, amma da kilif na gaske. Na riga na yi wa Oga magana, ya ce zai zo in za a biya masa kuɗin mashin, kuma a tanadar masa benci a inuwa. Tiyon lebur ɗina yana nan a ƙarƙashin gado, jarka ce kawai ba ni da ita.